Shafi Goma Sha Shida da Yaya Ba Ta Gani Ba

Yayata ta yi shekara ashirin da shida tana koyar da littafi ɗaya tak, a aji uku na ƙaramar sakandaren da ke bayan tashar mota. Tana shiga ƙananan azuzuwa ta koya musu nahawu da rubutun wasiƙa, amma wannan a wurinta shara ce da yayyafi kafin baƙi su zo. Koyarwa tana farawa ne ranar da ta shigo aji uku, wata ɗaliba na biye da ita da kwalin littattafai a ka, a dire shi a kan tebur, ƙura ta tashi, ita kuma ta dubi yaran ta saman tabarau ta ce, "Daga yau za ku fara zama mutane."

Malama Kamance suke kiranta. Ta san da sunan, kuma ina zaton yana mata daɗi. Dalilinsa shi ne magana ba ta wucewa ta gabanta ba ta tare ta ta bincike mata kaya ba. Idan yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, cikina yana murɗawa kamar ana matse wanki," ba za ta ba shi izinin fita ba sai ta juya ga aji ta tambaya, "Wane adon harshe ya yi amfani da shi?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "Kamance!" Sannan ta ce, "Madalla. Ruga." An ce akwai wanda bai kai ba.

Mahaifinmu mai gyaran keke ne. Mu shida ya haifa, ita ce babba, ni ne na ƙarshe. Ita ta koya mini karatu da guntayen jaridun da ake naɗo masa kusoshi a ciki, shi ya sa har yau ba na mamakin labarin da ba shi da kai ko ba shi da ƙafa. Yanzu furfura ta gama da kaina, amma Auta take ce mini, a gaban kowa.

Da farko aikin jinya ta so. Ranar da aka fara kai su ɗakin masu rauni, ta ga jini, ta zube, ma'aikata suka bar mai ciwon suka dawo kanta da fifita. Daga nan aka mayar da ita makarantar horon malamai. Tun ranar, jan abin da take iya kallo ba ta yi jiri ba shi ne tawadar jan biro, kuma ta zubar da ita a duniya fiye da yadda asibitin nan ya ga jini.

Mijinta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi mai gilashi a barandar gidan waya. Mutum ne da yake ƙirga kalmominsa kamar zai biya haya a kansu. Yaya ta ce a duk neman aurenta kamance ɗaya ya yi, ya ce fuskarta kamar sabon gilashin agogo, kuma ta amince ne saboda ta ga alamar idan ya samu mai koya masa zai yi kyau. Bai yi ba. Shi kuma yakan ce mini, "Ƙanen Malama, a garin nan ni kaɗai ne idan na ce abinci ya yi daɗi ake ce mini in kawo hujja."

Littafin ya zo makarantar ne a shekarar da ta fara aiki: kwafi sittin cikin kwali biyu, masu jan bango, ba hoto, ba jerin babuka a farko. Yara suka sa masa suna Jan Bango, har aka manta da sunansa na gaskiya. Su sittin ɗin nan su ta yi ta raino. Duk hutu tana kwaso su gida, ta baje a tabarma, ta ɗinke wanda ya warware, ta manne wanda ya yage, ta goge fuskoki masu gemu da gashin baki da yara suka zana a gefen shafi.

Labarin na wata yarinya ne, 'yar mai fito. Ubanta ya tafi ƙasan kogi sayen sabon kwalekwale, bai dawo ba. Yarinya ta ɗauki filafilinsa ta ci gaba da ƙetarar da mutane a tsohon kwalekwalen. Baffanta yana so ya sayar, ita ta ƙi. Damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika, ta ceto baffan da kansa daga ruwa. Shekara uku ta wuce. Wata safiya tana zaune tana gyaran igiya, sai layin ƙarshe na shafi na casa'in da shida ya ce: "Sai ta ji ana buga ƙofa." Daga nan sai bango.

Wannan layin shi ne dukiyar Yaya. Duk sauran littafin hanya ce zuwa gare shi. Takan yi zango a hanya, ba shakka. Inda marubucin ya ce kogi ya yi fushi, sai ta tsayar da aji su furta "mutuntarwa" sau uku, wato an ba abin da ba mutum ba halin mutum. Inda ya ce hawayen yarinyar sun ƙara wa kogi ruwa, wannan kambamawa ce, kuma takan gargaɗe su kada su gwada ta a gaban iyayensu. Filafili alama ce ta nauyin da uba ya bari. Amma idan aka zo zubin labari, sai ta ɗauki alli ta zana tsauni a allo. Gindin tsaunin mabuɗi ne, hawa ƙulli ne, can sama ƙololuwa, gangarowa kuma warwara. "Kowane ƙaramin marubuci," in ji ta, "yana hawa da kai, ya sauko da kai, ya raka ka har gida kamar ɗan yaye." Sai ta sake zana wani tsaunin, ta hau da allin har sama, ta danna shi ya karye. Gutsuren ya faɗi ƙasa, aji ya yi tsit. "Wannan kuwa ya bar mu a sama, iska tana kaɗa mana riga. Wa ya buga ƙofa? Ubanta? Ɗan aike da mummunan labari? Mai neman a ƙetarar da shi? Bai faɗa ba. Ya girmama ku. Ya bar muku ƙofar."

Na taɓa zama a bayan ajin na ga wannan darasi. Rana tana shigowa ta tagar da ba ta da gilashi, ƙurar alli tana yawo a cikin hasken, yara hamsin da wani abu sun buɗe baki, har masu gyangyaɗi sun farka. Daga tasha ana jiyo yaran mota suna kiran fasinja, amma a ɗakin nan kowa yana bakin kogi.

Jarrabawar aji uku a lokacin a cikin makaranta ake shirya ta. Yaya ce mai fitar da tambaya, ita ce mai dubawa. Tambaya ta ɗaya ba ta taɓa canzawa ba: "Wa ya buga ƙofa? Maki goma." Amsar da take so ita ce marubucin bai faɗa ba, da dalilin da ya sa bai faɗa ba. Duk wanda ya rubuta "Ubanta ne," sifili yake samu, da kalma biyu a gefe da jan biro: "Kana wurin?" Maganar ta fita daga makaranta ta shiga gari. A tasha, idan direba ya fara ba da labarin hatsarin da ya faru a wata ƙasa, sai wani ya ce masa, "Kana wurin?" a fashe da dariya, rabinsu ba su ma san inda maganar ta samo asali ba.

A shekararta ta ƙarshe kafin ritaya, hukumar ilimi ta canza tsari. Aka ce daga bana duk makarantun yankin jarrabawa ɗaya za su yi, daga waje za a kawo ta, a waje za a duba ta, kuma wanda ya faɗi darasin adabi ba zai wuce babbar sakandare ba sai ya maimaita shekara. Aka ce za a aiko da sababbin littattafai. Suka zo a makare, saura mako uku a zauna jarrabawa, daidai ranar da Yaya ta shirya karya alli.

Ta sa aka raba sababbin, ita kuma ta riƙe tsohon nata, wanda ya yi laushi kamar tsumma. Ba ta ko dube shi ba. Ta lumshe ido ta karanto shafi na casa'in da shida da ka, ta sauke murya a layin ƙarshe, ta rufe littafi. Shirun da ta saba ji bai zo ba. Sai ƙarar takarda, shaf, shaf, daga kowane benci.

Akwai wata siririyar yarinya a layin gaba, Tsinke ake ce mata, 'yar wata mai ɗinki, irin yaran da idonsu ke rigan na malami isa ƙasan shafi. Ta ɗaga hannu.

"Malama, nawa bai ƙare ba."

"Ya ƙare. Rufe."

"Malama, akwai babi na goma sha ɗaya."

"Babi goma ne, Tsinke. Ina koyar da littafin nan tun uwarki tana zaune a bencin nan."

"Malama," in ji Tsinke, yatsanta a kan layi, "babanta ne. Ya zo da akwati."

Yaya ta karɓi littafin yarinyar ta duba. Ta karɓi na kusa da ita ta duba. Ta ce an yi kuskure a wurin bugawa, kowa ya miƙo nasa. Ta zuba su a kabad, ta kulle, ta jefa mabuɗin a jaka, ta sa su rubuta wasiƙa zuwa ga aboki har aka tashi.

Da la'asar ta aiko a kira ni. Na same ta a falo, tsoho da sabo a jere a kan tebur kamar gawa da magaji. Mijinta, Mai Agogo, yana gefe yana shan shayi.

"Auta, kai da ka yi yawo a maɗaba'u, dubo mini wannan. Wane mara kunya ne ya yi wa mutum ƙari a littafinsa?"

Na duba. Sabon shafi ɗari da goma sha biyu ne. Na yi lissafi a zuci. Na ce mata a maɗaba'a babbar takarda ake bugawa, a ninke ta, ta ba da shafi goma sha shida, sannan a jera ninki a kan ninki a ɗinke. Casa'in da shida ninki shida ne. Ɗari da goma sha biyu ninki bakwai ne.

"To?"

"To, Yaya, ba ƙari aka yi wa wannan ba. Wancan aka yi wa ragi. Mai ɗinkin littafin ne ya manta da ninki na bakwai, a kwali biyu cur."

Mai Agogo ya ajiye kofi, ya ciro gilashin nan da yake maƙalawa a ido, ya ɗauki tsohon ya leƙa ƙashin bayansa.

"Gaskiyarsa," ya ce. "Bangon ya fi cikin faɗi. Akwai abin da ya kamata ya zauna a nan."

"Shekara ashirin da shida littafin nan yana kwana a gidanka, sai yau ka gani?"

"Ba ki taɓa kawo mini shi gyara ba, Malama."

Ta ce in karanta musu babin. Na karanta. Yarinya ta buɗe ƙofa, ga ubanta, ya yi ƙiba, da akwatin ƙarfe a ka. Inda ya shiga shekara uku, layi biyu aka ba shi: wai ya yi rashin lafiya, sannan ya samu aiki. Kwalekwalen da ya tafi saye, ba a sake ambatonsa ba. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ce, "'Yata, tafiya ta koya mini darussa biyar," ya kama jero su har ya cinye shafi goma sha ɗaya: biyayya ga na gaba, tashi da wuri, yanke farce, wanke ƙafa kafin kwanciya, da rashin yin wasa a bakin kogi. Wannan na ƙarshen yana faɗa wa yarinyar da ta ciyar da gidansa da filafili shekara uku. Ita kuma ta durƙusa ta ce ta gode.

Da na kai ƙarshe, na rufe littafin. Agogunan da ke jiran masu su a kan kanta suna ta tafiya, kowanne da lokacinsa.

"Ashe marubucin nan sakarai ne," in ji Yaya a hankali. "Mai ɗinkin littafin ya fi shi basira."

Kwana huɗu littattafan suna kulle. Ta koya wa aji uku rubutun wasiƙa zuwa ga aboki, da wasiƙa zuwa ga hukuma, da wasiƙar neman aiki, har yara suka fara tambaya ko za a rufe gidan waya ne ake sauri. A gida ba ta ci sosai. Mai Agogo ya ce mini tana wanke kwano ɗaya sau uku.

Ranar ta biyar shugaban makaranta ya kira ta ofis. Shi ma ta koyar da shi, malamin lissafi ne kafin a ɗaga shi, kuma har yau idan ta shigo yakan miƙe ya ɓoye hannu a baya. A gaban mutane Shugaba take ce masa. Idan su biyu ne, Mai Hamma, sunansa na aji uku. Ya tura mata takardar gwajin tambayoyi da hukuma ta aiko. Tambaya ta farko: "Kawo darussa biyar da mahaifin ya koya wa 'yarsa bayan dawowarsa. Maki talatin."

"Malama, yara hamsin da huɗu ne," ya ce. "Idan suka shiga ɗakin nan suka rubuta cewa ba a san wanda ya buga ƙofa ba, shekara guda ta tafi musu."

"Na iya karatu, Mai Hamma."

"Akwai hanya. Mu ce musu sabon bugu ne, kamfani ya ƙara babi. Ni zan faɗa a taron safe, ba ke ba. Ki koyar da shi, ki yi ritayarki da mutuncinki. Wa zai bincika?"

Ta ce mini tayin ya yi mata daɗi ƙwarai. Sai ta buɗe shafin farko na sabon littafin ta nuna masa. An rubuta shekarar bugun farko, an rubuta cewa an sake bugawa ba tare da canji ba.

"Tsinke ta karanta wannan shafin tun kafin ta zauna," ta ce. "Kuma ni na koya musu su tambayi mutum hujja. Kana so in tsaya a gaban yaran da na wasa da hannuna kamar wuƙa in miƙa musu wuya?"

Ya sosa ƙeya. "Malama, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni fa ban taɓa gane darasin ƙofar nan ba. Na haddace abin da kike so ne, na ci goma. Shi ya sa na gudu lissafi. A can idan an buga ƙofa, akwai mutum."

"Na sani. Kana hamma ka ci goman."

Ranar Litinin ta shiga aji da mabuɗi a hannu. Ta buɗe kabad, ta sa aka mayar wa kowa littafinsa. Ta zana tsauninta a allo, ta hau da alli har sama, yara suna jiran ya karye. Sai ta gangaro da shi ta ɗaya gefen, a hankali, yana ƙara, har ƙasa. Ta juyo.

"Ku saurara, don sau ɗaya zan faɗa. Littafin da na koyar da ku, na koyar da yayyenku, na koyar da wasu iyayenku, guntu ne. Shafi goma sha shida sun faɗi tun a maɗaba'a, ni kuma na ɗauki ramin da suka bari na ce gwaninta ce. Babu wata ƙofa da marubuci ya bar muku. Ubanta ne. Duk wanda ya taɓa cewa ubanta ne, shi ne da gaskiya, ni ce ban sani ba."

Can daga baya wani ƙaton yaro, wanda muryarsa ta riga ta fashe, ya ɗaga hannu da iyakar gaskiyarsa.

"Malama, wannan wane adon harshe ne?"

"Ba ado ba ne, ɗan nan. Kuskure ne tsirara, ko ɗan kamfai babu."

Dariyar da aka yi, sai da malamin aji biyu ya leƙo. Ita ma ta yi, tana share ido da bayan hannu, alli ya ɓata mata gira. Sannan ta buga tebur ta ce a buɗe shafi na casa'in da bakwai.

Mako biyu ta yi tana dura musu babin da ta tsana. Ba ta ɓoye tsanar ba. "Wannan shi ake kira warwara," takan ce, "kuma wannan ita ce irin warwarar da ake yi wa rigar saƙa, a ja zare ɗaya a bar mutum a tsaye ba komai. Amma ita za a tambaye ku. Darasi na uku?" Aji ya ɗauka: "Yanke farce!" "Na huɗu?" "Wanke ƙafa!" Masu sayar da ruwa a tasha suka haddace darussan nan biyar ta kan katanga. Ta nuna musu yadda marubuci ke ɗaura ƙulli ya kasa kwancewa, da yadda ake gane inda ya gaji, da yadda yarinyar da ta yi shafi casa'in da shida tana magana da kogi ta koma ba ta da abin cewa sai "na gode." Ina jin ba ta taɓa koyar da zubin labari da kyau kamar a makonnin nan biyu ba, da haushi ya zame mata mataimaki.

Su hamsin da huɗu suka shiga jarrabawa, su hamsin da huɗu suka wuce. Hukuma ta aiko mata da takardar yabo mai zanen fure a gefe, wai saboda ƙwarewa wajen koyar da darussan littafin. Ta sa ta a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Bayan ritayarta da mako guda, ina gidan da hantsi, muna zaune a baranda, sai ga wata mata ta shigo da tef ɗin awo rataye a wuya da zare manne a zaninta. Uwar Tsinke ce. Ta durƙusa ta gaishe da Yaya kamar tana aji uku, sannan ta kwance bakin mayafi ta ciro wata takarda da ta yi ruwan ƙasa, ninkinta ya kusa rabewa.

"Malama, kin gane wannan?"

Yaya ta gyara tabarau. Rubutun yarinya ne, manya-manyan baƙaƙe: "Ubanta ne, domin duk littafin shi take jira." A gefe ga sifili kamar ƙwan tattabara, ga jan rubutu.

"Shekara goma sha tara," in ji matar. "Maki huɗu ya hana ni wucewa a shekarar. Babana ya ce tunda ko wanda ya buga ƙofa ban iya ganewa ba, in je in koyi ɗinki wurin gwaggona."

Yaya ta shafa sifilin da yatsa. Matar da ta yi shekara ashirin da shida tana sa wa kowace magana suna ta rasa ko guda.

"'Yar nan," ta ce daga ƙarshe, "na cuce ki."

"A'a, Malama, ban zo kuka ba. Keken ɗinki huɗu gare ni yanzu, da yara shida masu koyo. Wadda ta zo ta ɗaya a ajinmu ma ni nake mata ɗinki, kuma sai na ga dama. Makina na zo karɓa."

Yaya ta dube ta, ta ga da gaske take. Ta ce, "Auta, jakata." Na kawo. Ta ciro jan biro, ta soke sifilin da layi biyu, ta rubuta goma bisa goma, ta sa hannu, ta sa kwanan wata. Ta tsaya, sannan ta ƙara a ƙasa: "Hujja mai kyau."

"Ina za ki kai shi?" ta tambaya.

"Shago. Sama da keken da nake zama. Duk wadda ta ce na yi mata kuskuren awo, in nuna mata." Ta ninke takardar, amma ba ta tashi ba. "Malama, sabon littafin yana nan? Tsinke ta ce za ta ba ni labari, na ce ta rufe mini baki. Da idona nake so in gani."

"Ba na ba ki shawara. Ba daɗi."

"Ko ba daɗi. Shekara goma sha tara ina jiran mutumin nan ya shigo."

Aka ɗauko mata. Ta zauna a bakin baranda, ta miƙe ƙafa, ta lashi yatsa ta nemo shafin. Tana karatu leɓɓanta suna motsi. Inuwar bishiyar tsakar gida ta matso ta rufe mata ƙafafu, kaji suka zo suka duba ta suka wuce. Mu kuma muka yi kamar muna hira. Can sai ta ɗago kai.

"Yanke farce? Malama, shekara uku ya ɓace, yarinya tana fama da kogi ita kaɗai, abin da ya kawo mata ke nan? Akwatin fa, me ke ciki?"

"Ba a faɗa ba."

"Kai! Wannan da ni ce ita, da filafilin zan karɓe shi."

"Ci gaba, 'yar nan," in ji Yaya, tana mayar da murfin bironta. "Ba ki ga komai ba. Akwai wanke ƙafa a gaba."